Yadda Ake Riƙe Wuridi a Duwala Ba Tare da Ya Yanke Ba

Duk shekara abu ɗaya ke maimaita kansa a masallatan New Bell. A goman ƙarshe na Ramadan sahu yakan fito har kan titi, wasu matasa su sauke Alƙur'ani sau biyu ko uku. Ranar salla kowa ya ƙulla alkawari tsakaninsa da Ubangijinsa: tahajjudi kullum, izu biyu kullum, azumin Litinin da Alhamis. Kafin Shawwal ya raba, sahun asuba ya koma na dattawa da ladan. Kafin babbar salla, mai alkawarin ya fara jin kunyar kansa, sai ka ji yana cewa zuciyarsa ta bushe, ko an yi masa sammu, ko kuma Duwala ce ba garin ibada ba.

Wannan magana ta ƙarshe ita ta fi ɓata mini rai. Unguwar New Bell ta samo asali ne lokacin da Jamusawa, daga 1910, suka ƙudura kwashe mutanen Duwala daga tudun Bonanjo zuwa bayan gari, rikicin da ya kai ga rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta 1914. Daga baya baƙi suka cika New Bell, Hausawa fatake na cikinsu. Ba su da lantarki, ba su da lasifika, ga zufa ga sauro ga ruwan sama, amma su suka kafa masallatai da makarantun allon da muka gada. Garin bai hana su ba.

Ina karantar da magidanta da dare: 'yan kasuwa, mahauta, masu soya, 'yan bensikin (masu haya da babur), da 'yan kaɗan masu aiki a ofisoshin Bonanjo da tashar jiragen ruwa. Kuskuren da nake gani wurin masu farawa iri ɗaya ne, kuma na tsari ne. Suna ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsu, ba su ɗaure shi da wani lokaci ba, ba su kuma shirya wa ranar da zai kuɓuce musu ba. Abin da nake nufi da wuridi shi ne rabon karatun Alƙur'ani da zikiri da nafila da mutum ya yanka wa kansa yana yi kullum a lokaci sananne. Tushen maganar kuwa hadisin Nana A'isha ne da ke cikin Buhari da Muslim, wanda ya nuna aikin da ya ɗore, ko da kaɗan ne, shi Allah Ya fi so.

Abin da za ka tanada

Malami shi ne na farko. Ba sai shahararre ba. Wanda zai saurari karatunka ya gyara maka baƙi da wasali, wanda kuma za ka iya gaya wa gaskiya ranar da ka yi sakaci, ya isa. Waya tana iya jiyar da kai ƙira'a mai daɗi, amma ba ta jin kuskurenka.

Alƙur'ani guda, bugu guda. Yawancinmu da muka fito daga makarantar allo da Warshu muka tashi, bugun Madina mai shafi 604 da ya cika masallatai kuwa Hafsu ne. Duka ingantattu ne, sai dai mai farawa da ke tsalle tsakaninsu yakan cakuɗa su bai sani ba. Zaɓi wanda malaminka yake biyawa, ka tsaya a kansa, domin ido yana haddace wurin aya a shafi. Ka ajiye shi a sama, nesa da ƙasa da jikin bango: laimar garin nan tana sa takarda da gafakar fata su yi fumfuna, ambaliya kuma ba ta sallama kafin ta shigo ɗaki. Idan ba ka jin Larabci, haɗa da tarjamar Hausa, irin ta Shehu Abubakar Gumi ko ta Shehu Nasiru Kabara.

Sai littafin zikiri ɗaya, carbi ko gaɓoɓin yatsunka, darduma, buta cike da ruwa tun dare, fitila mai caji, jadawalin lokutan salla na Duwala, da ɗan ƙaramin littafin rubutu. Wuri kuma ko da faɗin darduma ne a kusurwar ɗaki. Ka tabbatar da alƙiblarsa sau ɗaya: mun saba cewa gabas, amma daga Duwala alƙibla arewa maso gabas take, kimanin digiri 57 daga arewa, ta fi ta Kano karkata zuwa arewa. Baƙi da yawa daga Najeriya sukan fuskanci mafitar rana kai tsaye a masaukinsu.

Mataki na 1: Gyara farilla, ka lissafa bashi

Kada ka fara da nafila. Zauna gaban malami ka yi alwala yana kallo, ka karanta masa Fatiha da tahiya, ka maimaita babin tsarki da na ƙabli da ba'adi a Ahalari ko Ishmawi. Magidanta suna jin nauyin wannan, su ce ai tun suna yara suka wuce nan. Daidai, kuma tun suna yara ba wanda ya sake dubawa. Na sha ganin mai jan carbi dubu wanda ba ya game dugadugansa da ruwa.

Sannan bashin salla. Wanda ya yi shekaru yana wasa da salla a ƙuruciya, ko ya saba barin asuba sai rana ta fito, ramuwa ce wuridinsa na farko. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Ahalari ya kawo, mai bashin farilla ba ya shagala da walaha da sauran nafilfili, in ban da irin su shafa'i da wutiri da raka'o'in alfijir, kuma wanda yake rama sallolin kwana biyar a kowace rana ba a ƙirga shi cikin masu sakaci. Yi kirdadon abin da ake bin ka, ka rubuta, ka tambayi malaminka yadda za ka raba shi daidai da aikinka. Dalilin gabatar da wannan a fili yake: nafila ƙari ce a kan farilla, kuma zuciyar da ta san ana bin ta ba ta samun natsuwa a zaman zikiri.

Bashin mutane ma yana nan. Kuɗin da ka riƙe wa abokin ciniki, gaba da ɗan'uwa, haƙƙin yaron shago. Fara warware su tare da fara wuridin, kada ka jira.

Mataki na 2: Ɗaure shi da salla, ba da samun sarari ba

Wanda ya ce zai yi karatu idan ya samu lokaci ba zai yi ba, domin Duwala ba ta ba kowa lokaci. Wuridi yana rayuwa ne idan an jingina shi da abin da dole ka yi kullum, wato ɗaya daga cikin salloli biyar. Ka idar da salla, kada ka miƙe, kada ka taɓa waya, ka shiga wuridi kai tsaye. Alwala na nan, alƙibla na nan, shawarar yi ko bari ba ta ma taso ba.

A nan Allah Ya yi mana wata ni'ima da ba mu lura da ita. Duwala tana kimanin digiri 4 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka rana tana fitowa tsakanin shida da 'yan mintoci zuwa shida da rabi da kaɗan duk shekara, faɗuwarta ma haka da yamma. Alfijir yana kewayen ƙarfe biyar. Bambancin shekara gaba ɗaya kusan rabin awa ne. 'Yan'uwanmu da ke Faransa ko Ingila lokacin asubarsu yana motsawa da awowi tsakanin bazara da hunturu. Mu kuwa tsarin da ka kafa a Muharram zai kai ka Zulhajji.

Wace salla? Bayan asuba ta fi, domin ciniki bai fara ba, kuma zikirin safe lokacinsa ke nan. Amma dubi sana'arka da gaskiya. Mai shago a babbar kasuwa ko kasuwar Nkololun yana da sarari tsakanin asuba da fitowar rana. Ma'aikacin Bonanjo da ke gudun cunkoso zai iya minti goma sha biyar bayan asuba, ya ajiye sauran tsakanin magariba da lisha. Ɗan bensikin safiya ce kasuwarsa, to ya yi zikirin safe gajere, ya mai da karatunsa bayan azahar lokacin da fasinja ya ragu. Mahaucin da ke tsallaka gadar kogin Wuri zuwa mayanka tun da duhu, bayan la'asar ya fi masa. Mai soya da ke kaiwa tsakar dare a bakin wuta, hantsi ne nasa bayan ya yi barci. Kada mai wata sana'a ya kwaikwayi jadawalin wata.

Ka kiyaye abu ɗaya: bayan sallar asuba har rana ta ɗaga, da bayan la'asar har magariba, ba lokacin sallar nafila ba ne. Karatu da zikiri ake yi a cikinsu.

Mataki na 3: Gyara darenka

Asuba tun dare ake samunta ko a rasa ta. Wasan ƙwallon Turai da ake farawa ƙarfe takwas ko tara na dare ba ya ƙarewa sai goma ko sha ɗaya, daga nan a tsaya musu a teburin mai shayi, a koma gida a buɗe waya. Mutumin da ya kwanta ƙarfe ɗaya yana son tashi huɗu da rabi ba shaiɗan kaɗai ke yaƙarsa ba, jikinsa ma yana neman haƙƙinsa. Yanke lokacin kwanciya ka riƙe shi kamar yadda ka riƙe lokacin wuridin. Bar shayi mai ƙarfi da goro daga magariba. Cika buta, shimfiɗa darduma, sa alama a shafin gobe, ajiye waya inda sai ka miƙe za ka kashe ƙararrawarta. In sana'arka ta ba da dama, yi ƙailula ko ta minti ashirin ce.

Ga masu tuƙi ina da kashedi na musamman. Ɗan bensikin ko direban babbar mota da ya raya dare da nafila sannan ya ɗauki rayukan mutane yana gyangyaɗi ya saka kansa cikin haɗarin zunubin da nafilar ba za ta goge ba. Barcinka kafin tuƙi yana cikin amanar da ka ɗauka.

Mataki na 4: Yanke adadi, ka rage shi

Nan ne yawancin masu farawa suke faɗuwa, don haka zan daɗe a kansa.

Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimla sumuni 480. Mai karanta izu biyu kullum yana sauka a wata. Izu ɗaya, wata biyu. Rabin izu, kwana 120. Rubu'i, kwana 240. Sumuni ɗaya, kimanin shafi da kwata a bugun Madina, kwana 480, wato shekara ɗaya da wata huɗu. Dubi lissafin nan da kyau. Mutumin da ya riƙe sumuni ɗaya tak, tare da tarjamarsa, cikin shekara da 'yan watanni ya bi Alƙur'ani daga farko zuwa ƙarshe da ma'anarsa. Mutane nawa ka sani a unguwa, masu shekara hamsin da sittin, da suka taɓa yin haka ko sau ɗaya? Shi kuwa mai izu biyu da ya yanke a mako na uku, ko sauka ɗaya bai kai ba sai wani azumin.

Ga yadda ake yanke adadi. Tambayi kanka abin da za ka iya yi a rana mafi muni: ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, ruwa ya shiga ɗaki, kaya suka maƙale a tasha. Abin da za ka iya a wannan rana shi ne wuridinka. Abin da ka ƙara a ranar nishaɗi kyauta ce, ba a rubuta shi cikin alkawari. Kamar adashi ne: wanda ya ɗauki hannun da ya fi ƙarfin cinikinsa saboda kasuwa ta yi kyau mako ɗaya, shi ne yake fara karya zubi.

Ga mai farawa da ba ya cikin ɗariƙa nakan ba da wannan: tasbihi da tahmidi da kabbara talatin da uku-uku bayan kowace farilla, a cike ɗari da hailala, zikirin safe da na yamma daga littafi ɗaya, ko Azkar na Imam Nawawi ko Hisnul Muslim, a fara da guda biyar ko shida, a haddace su da ma'anarsu kafin a ƙara, sumuni ɗaya ko rubu'i, istigfari 100 da salatin Annabi 100, raka'o'i biyu na alfijir, da shafa'i da wutiri kafin barci. Duka ba su kai minti arba'in ba a warwatse cikin yini. Wanda karatunsa bai zauna ba ya bar maganar sumuni, ya riƙe layi biyar da malam ya biya masa, ya maimaita su har su yi laushi a bakinsa.

Ɗan Tijjaniyya adadinsa a yanke yake tun daga Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815: lazimi safe da yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100, wazifa sau ɗaya a yini, istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12, da zikirin Juma'a bayan la'asar. Wannan alkawari ne na har mutuwa, da izinin muƙaddami ake shigarsa, kuma wanda ya kuɓuce ramawa ake yi. Saboda haka kada ka karɓa don abokanka sun karɓa ko don daɗin taron Mauludi. Nemi a karanta maka sharuɗɗa, ka yi tunani, sannan ka miƙa hannu. Ɗan Ƙadiriyya ma daga muƙaddaminsa zai karɓi nasa. Saɓanin da ke tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala ba shi na zo warwarewa ba. Abin da na gani shi ne kowane ɓangare yana da masu ɗorewa da masu yankewa, kuma dalilan yankewar iri ɗaya ne.

In zuciyarka ta raina ƙaramin adadi, tuna labarin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi da ke cikin Buhari. Yana saurayi mai ƙarfi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya riƙa sauka a wata, shi kuwa ya yi ta neman ƙari har aka tsaya a kwana bakwai. Da ya tsufa nauyin ya dame shi, ya yi burin da ma ya karɓi sauƙin da aka ba shi. Sahabi ke nan.

Mataki na 5: Zaman kansa

Zauna da alwala, ka fuskanci alƙibla, ka yi shiru na ɗan numfashi biyu ko uku ka tuna wa kake kira. Motsa harshe yadda kunnenka zai ji, ba maƙwabci ba. Gidajenmu na haya ne, bango ɗaya da Kirista da mai aikin dare da jariri, kuma cutar da maƙwabci haramun ne alhali ɗaga murya ba wajibi ba ne.

Kada ka yi tsere da carbi. Istigfari ɗari da aka haɗiye haruffansa cikin minti ɗaya bai bar komai a zuciya ba. Lokacin istigfari kawo laifin jiya takamaimai a ranka, ƙaryar da ka yi a ciniki, tsawar da ka yi wa uwargida, domin neman gafara a kan abin da ka ambata wa kanka shi ke sa kunyar komawa. A karatu, idan ka gama sumuninka, buɗe tarjama ka ɗauki aya ɗaya da za ka wuni da ita.

Tunani zai tafi kasuwa. Wannan ba alamar lalacewarka ba ce, haka zuciya take. Da ka farga, dawo da ita inda ka tsaya, kada ka koma farko. Masu komawa farko duk lokacin da suka yi shakkar adadi suna buɗe wa waswasi ƙofa, ƙarshensu wuridi ya zama azaba su gudu. Yi gini a kan mafi ƙarancin adadin da ka tabbatar, ka wuce. Idan ka gama, ja layi ɗaya a ɗan littafinka. Amfanin layin shi ne ya hana ka yaudarar kanka: mutum yakan zaci kwana biyu ya rasa a wata, littafi ya nuna masa tara.

Sau ɗaya a mako, haɗu da aboki ɗaya ku yi musaffa, kai ka karanta ya saurara, shi ya karanta ka saurara. Mutum ɗaya ya isa, kuma ya zama wanda zai buga maka ƙofa in bai gan ka a asuba ba.

Mataki na 6: Ranar da ya kuɓuce

Zai kuɓuce. Abin da ke kashe wuridi shi ne rana ta biyu da ta uku, lokacin da mutum ya ce tunda ya riga ya ɓaci bari sai Juma'a, sai farkon wata, sai azumi. Ƙa'idata ga ɗalibai ita ce kada kwana biyu su haɗu. Muslim ya ruwaito daga Sayyadina Umar cewa wanda barci ya ɗauke shi ga barin rabonsa na dare, ya karanta shi tsakanin asuba da azahar, ana rubuta masa kamar da dare ya yi. Ƙofar ramuwa a buɗe take, shige ta a ranar. In kwanaki sun taru saboda jinya, kuma wuridinka ba na alkawarin ɗariƙa ba ne, kada ka tara wa kanka tulin da zai tsorata ka. Ci gaba daga inda ka tsaya.

Damina tana da nata hukunci. Daga Yuni zuwa Oktoba ruwa yana iya wuni yana zuba, lunguna su cika. Malaman Malikiyya sun yi rangwame a kan taɓon ruwan sama da ya fantsamo wa tufa, muddin najasa ba ta rinjaye shi ko ta bayyana ba, sun kuma halatta haɗa magariba da lisha a masallaci a daren ruwa mai yawa. Koyi waɗannan hukunce-hukunce kafin damina, domin jahiltarsu ke sa wani ya bar jam'i wata uku yana cewa tufafinsa ba tsarki. In ruwa ya tsare ka a gida, wuridi bai faɗi ba, dardumarka tana nan.

Direbobin da ke ɗaukar kaya daga tasha zuwa Njamena ko Bangi suna kwanaki a hanya. Su koyi hukuncin ƙasaru da taimama, su mai da wuridinsu abin da ake yi da ka: surorin da suka haddace da zikiri, a lokacin hutu ko jiran shinge. Ba a riƙe carbi da sitiyari tare.

'Yan'uwa mata, ku ne kuka fi fuskantar yankewa, kuma ba da sakacinku ba. Kwanakin al'ada da na biƙi salla da azumi ne suka faɗi, zikiri da salati da addu'a suna nan, kuma a mazhabarmu mai haila tana iya karanta abin da ta haddace. Ki zauna a wurinki a lokacin da kika saba ko da minti biyar ne, domin lokacin ne ake tsarewa kada ya ɓace. Mai goyo ta raba wuridinta gida uku ko huɗu, ba laifi. Maigida kuma da yake son lada ya riƙe mata yaron na minti goma.

Mataki na 7: Ƙari

Kada ka ƙara komai sai littafinka ya nuna wata uku ba giɓi mai yawa, kuma damina ko wata tafiya ta gwada ka ka tsallake. Sannan ƙara abu ɗaya: sumuni ya zama rubu'i, ko raka'a biyu na walaha, ko azumin 13, 14 da 15 ga watan Musulunci. Tahajjudi a fara shi da tashi minti ashirin kafin alfijir. Mai ciwon sukari ko gyambon ciki ya ga likita kafin azumin nafila.

Ka yi nesa da adadin da ake yaɗawa a WhatsApp, a ce ja sunan Allah kaza sau dubu kaza a dare bakwai kuɗi za su zo. Wannan ciniki ne aka sa wa rigar ibada, kuma wanda ya shiga da wannan niyya yakan bar komai ranar da kuɗin ba su zo ba. Wani kuma ya shiga halwa ba malami, ba ci ba barci, ya fara jin muryoyi, 'yan'uwa su ce ya samu buɗi. Wanda ya kai haka a tsayar da shi, a ba shi abinci ya yi barci, a kai shi asibiti. Kulawar likita ba ta saɓa wa tawakkali ba.

Mataki na 8: Auna abin da ya canza

Masu farawa suna auna wuridi da hawaye da mafarki da sanyin da suke ji a ƙirji. Waɗannan suna zuwa suna tafiya. Akwai makonnin da za ka zauna kamar dutse, ba ka jin komai, kuma zaman da ka yi a waɗannan makonni shi ya fi gina ka, domin ba don daɗi ka yi shi ba.

Amfanin gaskiya a hankali yake bayyana, kuma a waje da darduma. Mutumin da yake cin nasara a kan ransa kowace asuba a kan abu ƙarami, ya tashi alhali yana son kwanciya, ya zauna alhali yana son miƙewa, yana tara ƙarfin da zai yi amfani da shi a babba. Sai ka ga tazara ta samu tsakanin fushinsa da harshensa: ɗan tasi ya goge shi a unguwar Ndokoti, zagin ya zo maƙogwaro ya tsaya. Rantsuwa a ciniki ta ragu, domin bakin da ya saba ambaton sunan Allah da girmamawa yana jin nauyin sa shi a kan yadi biyar. Ranarsa ta samu ginshiƙi, ya san lokacin kwanciya da na tashi, alkawarinsa da mutane ya fara cika. In asara ta zo, gobarar kasuwa ko kayan da suka lalace, yana jin zafi kamar kowa, amma yana da wurin zama gobe da asuba, kuma hakan yana hana mutum rushewa. Yaran gida da ke ganin uba ko uwa a kan darduma lokaci ɗaya kullum suna koyon abin da faɗa ba ya koyarwa.

Akwai cuta biyu da ke bin mai ɗorewa. Riya ita ce ta farko: dogon carbi a hannu cikin kasuwa, sanarwar sauka a Facebook, ambaton tahajjudi cikin hira. Ɓoye wuridinka ga kowa in ban da malaminka da abokin musaffarka. Ta biyu ta fi ɓuya, ita ce ganin kai. Ka fito daga asuba ka ga maƙwabci na barci, ka ji ka fi shi. Ranar da ka ji haka, yi masa addu'a da sunansa, ka tuna shekarun da kai ma kake kwance a wannan lokaci.

Duk wata shida, tambayi mutum biyu da ba sa jin tsoron gaya maka gaskiya, uwargida ko maigida, da wanda kuke aiki tare: me ya canza a halina, me bai canza ba? Kada ka kare kanka, rubuta amsar. In sun ce har yanzu kana tauye mudu, ko kana jinkirta albashin yaro, ko hannunka na saurin duka, kada ka ƙara adadi. Ɗauki littafinka da amsarsu ka je wurin malam, ku zaɓi hali ɗaya daga ciki, ka sa shi a istigfarinka na safe da addu'arka ta bayan wutiri, ku sa ranar da za ku sake dubawa.